Daga Karan Sigari Zuwa Tabar Lantarki: Abin Da Na Gani A Jikina



'Yan uwana mazauna Kurmi, na nan Shagamu da na Sabo a Badun, da na Agege da Idi-Araba a Ikko, har zuwa na Anacha da Fatakwal, barkanmu da war haka. Ya kasuwa, ya kuma haƙuri da zaman nesa da gida? Allah Ya sa mu gama lafiya.

Yau wata magana ce nake tafe da ita wadda na daɗe ina juya ta a raina, kunya tana hana ni fitar da ita. To amma an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma na lura samarinmu da yawa sun ɗauki hanyar da na bi, wasu ma har sun fara jan ƙannensu ba su sani ba. Maganar kuwa ita ce ta tabar lantarki, wannan 'yar aba mai kama da alƙalami ko ƙaramar kwalbar turare, wadda ake zuƙa tana fitar da tururi mai ƙamshin mangwaro ko minti. Na bar karan sigari na koma mata, kuma abin da na gani a jikina cikin watannin farko shi ne nake son ba ku labari, domin da a ce wani ya zaunar da ni ya gaya mini tun farko, da ban sha wahalar da na sha ba.

Ni dai a Sabo ta Shagamu aka haife ni. Mahaifina fataucin goro yake yi, kamar yadda nasa mahaifin ya yi tun da ya sauko daga ƙasar Kano. Na buɗe ido na gan ni cikin kwanduna da ganye da ƙamshin ɗanyen goro, kuma da na gama sakandare a 2017 ban nemi wani aiki ba, na zauna a rumfa. Aikina shi ne tsinta da ƙirga da ɗaurin huhu, sai kuma tsayawa a kan lodi idan mota za ta tashi zuwa Mariri a Kano ko zuwa Sakkwato. A wajen lodin nan na koyi shan taba a 2015, ina ɗan shekara 16. Dare ya yi, sanyi ya sauko, yaran mota suna busawa, ni ma na ce a san mini in ji. A shekarar ce ma aka sa hannu a kan dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara. Amma ni dai ban taɓa tsayawa gaban mai tebur ya tambaye ni shekaruna ba, kuma kara-kara na riƙa saye har na girma.

Kafin 2024 na kai ga shan kara 12 zuwa 15 a rana. A ɓoye nake sha, bayan motoci ko a lungun bayan rumfuna, in na gama in wanke hannu, in tauna goro, in jefa minti a baki, ina ganin na yi wa kowa wayo. Wata rana da hantsi muna tsintar wani daushe da sankara ta fara shiga, tari ya turnuƙe ni. Baba bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kullum muna nan muna lallaɓa huhun goro kada ya lalace, a yayyafa masa ruwa, a sauya masa ganye. Kai kuma naka huhun da Allah Ya ba ka kyauta, shi kake banka wa hayaki." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya ci gaba da tsintarsa. Ashe shekara da shekaru ya sani. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Sau biyu na gwada bari gaba ɗaya, ban taɓa wuce kwana uku ba. Ana nan sai wani abokina da ke zuwa Ikko sarin kaya ya kawo mini tabar lantarki. Ga wanda bai san ta ba, a cikinta akwai ƙaramin batir, da wata 'yar waya da ke ɗaukar zafi idan an zuƙa, da auduga da aka jiƙa da wani ruwa. Ruwan nan galibi haɗin abu huɗu ne: wasu sinadarai biyu masu yauƙi da ake kira firofilin gilaikol da gilisarin, sai kayan ƙamshi, sai kuma nikotin, wato sinadarin da ke cikin ganyen taba wanda ke kama mutum ya kasa bari. Ba a ƙona komai, dumama ruwan ake yi ya tashi ya zama tururi. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro irin wadda ake yayi yanzu a 2003. Shi ma mashayin taba ne, kuma sankarar huhu ce ta yi ajalin mahaifinsa. Abokina ya ce mini, "Wannan fa ruwa ne kawai da ƙamshi, ba ta da wata illa." Dama abin da nake son ji ke nan, don haka ban tsaya bincike ba. A watan Nuwamba na 2024 na kyautar da sauran kwalina da ashanata, na kama ta.

Kwana biyun farko daɗi kamar ya kashe ni. Ba wari a riga, ba toka, ba sai na nemi lungu ba. A ɗaki nake zuƙa, a rumfa ma in Baba ya tafi masallaci sai in ciro ta daga aljihu. A rana ta uku abubuwa suka fara. Maƙogwarona ya bushe ƙamas kamar na afa garin kwaki ba ruwa, in farka tsakar dare harshena ya manne da dasashi. Duk zuƙar da na yi sai tari ya biyo baya. Shaƙuwa ta riƙa kama ni ba dalili. Da la'asar kuma kaina ya ɗau ciwo ta wajen goshi. Cikin mako na biyu sai kaki ya fara fitowa, mai kauri, wani lokaci ruwan toka wani lokaci ruwan ƙasa, fiye da wanda nake fitarwa lokacin da nake shan kara. Ƙuraje biyu suka fito mini a cikin leɓe, ko miyar da ba ta da yaji sai ta sa ni hawaye. Cikina ya ɗaure, sai in yi kwana biyu ban zaga ba. Barci kuwa rabi da rabi, ga mafarkai barkatai.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne saurin fushi. Akwai wata dattijuwa Bayarbiya da ke kawo mana goro daga ƙauye tun kafin a haife ni. Muka sami saɓani a kan ƙirgan ƙwarya biyu kacal, na ɗaga mata murya a gaban mutane. Sai da Baba ya taka har gidanta ya ba ta haƙuri. Wanda ya san zaman Kurmi ya san cewa irin wannan amana ita ce jarinmu, kuma ni na so in zubar da ita a kan goro 200.

A mako na uku ne abin ya kai intaha. Muna lodin dare, tun magariba abar tana hannuna, ina zuƙa ina ƙirga huhu. Na ci goro ya kai biyar don kada barci ya ɗauke ni, na kuma sha shayi mai kofi har kofi biyu a wajen mai shayin tasha. Wajen ƙarfe ɗaya sai na ji ƙasa tana juyawa. Gumi mai sanyi ya karyo mini, yawu ya cika bakina, zuciyata tana bugawa kamar ana daka sakwara a ƙirjina. Na zauna dirshan kusa da tayar mota na yi ta amai. A raina na ce wannan aba kashe ni za ta yi, gara karan da na sani. Washegari na koma gaban mai tebur na sayi kara biyu. Daga nan na zama mai shan biyu, kara da safe da bayan cin abinci, lantarki kuma sauran yini. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Inna ce ta matsa mini in je asibiti, domin tarin ya wuce mako biyu, ita kuma tsoronta tarin fuka. Gaskiyarta ne kuwa, domin ƙa'idar ma'aikatan lafiya ita ce duk tarin da ya kai mako biyu a je a gwada, kuma gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Aka ɗauki kakina, sakamako ya fito ba komai, alhamdu lillahi. Likitar da ta duba ni, wata mata mai haƙuri, ta tambaye ni ko ina shan taba. Na yi shiru, sannan na ciro abar na ɗora a kan tebur. Ta juya ta ta karanta rubutun jikinta, ta sa na lissafa mata duk abin da ke damuna, sannan ta ɗauki takarda ta kasa su kashi uku, kamar yadda muke ware goro a faifai. Abin da ta gaya mini da wanda na ƙara karantawa daga baya shi ne zan kawo muku.

Kashi na farko abubuwa ne da barin hayaki ke kawowa, ko mutum ya taɓa tabar lantarki ko bai taɓa ba. A cikin hanyar iskar mutum akwai wasu ƙananan gashi masu laushi da ido ba ya gani, aikinsu sharo datti daga huhu zuwa sama. Hayakin sigari yana kashe musu jiki. Idan an daina, sai su farfaɗo su kama shara, shi ya sa kaki ke ƙaruwa na ɗan lokaci. Wato kakin da ya tsorata ni, dattin shekara tara ne ke fita. Ƙurajen baki da ɗaurewar ciki da yawan jin yunwa da saurin fushi duk sanannu ne ga wanda ya bar sigari, domin jiki ya saba da yadda kara ke harba nikotin zuwa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya kuma saba da sauran abubuwan da ke cikin hayakin. Yawancinsu sun fi tsanani a makon farko, kuma sukan lafa cikin 'yan makonni.

Kashi na biyu laifin abar ne ita kanta. Sinadaran nan biyu masu yauƙi suna janye ruwa daga duk inda suka taɓa, shi ya kawo bushewar baki da ƙaiƙayin maƙogwaro. Tarin da ke biyo bayan zuƙa kuma, wani ɓangarensa daga yadda nake fizgar ta ne da ƙarfi irin na mai shan kara, alhali ita a hankali ake ja. Likitar ta ce in cire wa raina cewa ruwa ne kawai. Tururin yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin sinadarai da ke shiga can cikin huhu, kuma idan ruwan ya kusa ƙarewa wayar ta fara ƙona audugar, abin da ke fitowa ya fi muni. Da zarar an ji ɗanɗanon ƙauri, a jefar.

Kashi na uku shi ne ya fi ba ni mamaki, wato yawan nikotin. A jikin tawa an rubuta 5%. Ni a zatona kashi biyar cikin ɗari ai ɗan kaɗan ne. Ashe ma'anarsa miligiram 50 a cikin kowane mililita ɗaya na ruwan. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda a wuce miligiram 20 ba, wato tawa ta ninka iyakarsu sau biyu da rabi. Tawa mai mililita 10 ce, ke nan akwai miligiram 500 a ciki, kuma cikin kwana takwas ko tara nake shanye ta. Ba duka ne ke shiga jini ba, amma a kwatanta da karan sigari ɗaya wanda abin da jiki ke ɗauka daga gare shi bai wuce miligiram ɗaya zuwa biyu ba. Ga shi kuma irin nikotin ɗin da ake zubawa a waɗannan an sarrafa shi yadda ba ya shaƙe maƙogwaro, sai mutum ya yi ta ja bai san ya wuce kima ba. Sannan shi kara yana da ƙarshe. Minti biyar ya cinye, ka taka guntun ka koma bakin aiki, kuma wari da kunyar idon mutane suna taƙaita ka. Ita wannan ba ta cinyewa a gabanka, ba ta tona maka asiri, har a kan katifa ina zuƙa. Jiri da tashin zuciya da gumi da shaƙuwa da ciwon kai da rashin barci, duk alamomin nikotin ne da ya yi wa jiki yawa. Na shiga da niyyar rage shi, ashe ƙara shi na yi.

Daga nan sai ta tambaye ni sana'ata. Da na ce goro, ta yi dariya ta ce guda nawa nake ci a rana. A nan ne na ji abin da ya kamata duk Bahaushe mai niyyar barin taba ya sani. Goro da shayi da kofi duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda ke hana barci. Hayakin sigari yana sa hanta ta riƙa narkar da kafeyin da sauri, shi ya sa mashayin taba zai ci goro da yawa bai ji komai ba. Hayakin ne ke yin wannan aiki, ba nikotin ba, don haka tururin lantarki ba ya yin sa. Da zarar mutum ya bar kara, cikin 'yan kwanaki hantarsa za ta koma tafiyarta ta asali, sai goron da ya saba ci ya daɗe a jininsa ya yi masa ƙarfi. Shawarar da ake bayarwa ita ce a rage kafeyin da kamar rabi. Ke nan a daren da na faɗi a tasha, abu biyu ne suka haɗu a kaina, nikotin mai yawa da goro biyar da kofi biyu a jikin da ya daina jure musu. Ta ce haka abin yake ga wasu magunguna na asma da na taɓin hankali, duk mai shan su ya sanar da likitansa kafin ya bar sigari domin a duba ma'aunin.

Game da haɗa biyun da nake yi kuwa, ba ta ɓoye mini ba. Ta ce wanda ke shan kara uku yana cike gibin da lantarki bai tsira daga komai ba. Daga baya na ga wani babban bincike da aka wallafa a Ingila a 2018, wanda ya nuna cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da mai shan kara 20 ke ɗauke da shi. Hayakin sigari yana da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo sankara. Ta ce komawa kara shi ne mafi munin zaɓi, amma kada in ɗauki lantarki a matsayin masauki, zango ne a kan hanya. Ta kuma gaya mini akwai cingam da filastar nikotin da aka yi musamman don masu son bari.

A watan Janairu na 2025 na sake ajiye kara, kuma daga ranar ban ƙara kunna shi ba. Na nemi mai ƙarfin 2% na bar mai 5%. Na daina yawo da ita a aljihu, na riƙa kulle ta a akwati, sai lokutan da na yanka wa kaina. Goro na mayar da shi biyu a yini, kofi kuma ba na sha bayan la'asar. Na sayi gorar ruwa ina ajiyewa a gefena a rumfa. Cikin wata guda jiri ya tafi, barci ya dawo, kaki ya ragu sosai. Hancina ya buɗe, har ya zama ina jin warin goron da ya fara lalacewa tun kafin a kwance huhu, abin da a da Baba kaɗai ke iyawa. Abinci ya dawo da ɗanɗanonsa, na yi ƙiba har wanduna biyu suka matse ni. Ina ɗaukar kwando daga bakin titi zuwa rumfa ba tare da na tsaya haki ba. Bushewar baki ce dai ba ta rabu da ni ba muddin ina zuƙa.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai in ce muku ta yi mini rana kawai. Amma wata ranar Asabar na dawo gida da wuri, na zaga bayan tankin ruwa, sai na tarar da ƙanena ɗan shekara 15 da tsohuwar tawa mai 5% a bakinsa. Na jefar da ita a kwandon shara, shi kuma ya tsince ta ya yi mata caji. Na fizge na ɗaga hannu zan mare shi, sai ya ce, "Yaya, ai ba sigari ba ce. Kai da bakinka ka ce wa Inna ba ta da illa." Hannuna ya sauka da kansa. Yaron nan ko kusa da mai shan sigari ba ya son zama, warin yana sa shi amai. Ƙamshin mangwaro ne ya ja shi, da kuma maganar da na ara daga bakin abokina na faɗa a tsakar gida. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma nikotin ya fi saurin kama ta ƙuruciya. Ni shaida ne, a 16 ya kama ni. Allah Ya sa bai yi nisa ba, sau uku ya ce ya gwada. Na zaunar da shi na ba shi labarin daren tasha tun daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa gaya wa kowa a gidan ba.

Abin da ya faru a gidanmu shi ne abin da manyan duniya ke jayayya a kai. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ce tabar lantarki ta fi sigari sauƙin illa da kusan kashi 95 cikin 100, adadin da masana da yawa suka ƙi amincewa da shi, ko da yake binciken da aka tattara daga baya ya nuna tana taimaka wa wasu manya su bar sigari. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a watan Disamba na 2023 ta yi kira ga ƙasashe su ɗauki matakin gaggawa a kanta saboda yadda take kama yara. Indiya ta haramta ta tun 2019. Ita kanta Ingila ta hana sayar da irin wadda ake sha a jefar daga ranar 1 ga Yuni, 2025. A Amurka kuma, tsakanin 2019 da farkon 2020, mutum sama da 2,800 aka kwantar a asibiti da ciwon huhu, 68 suka rasu, aka gano yawancinsu sun zuƙi ruwan bayan fage ne mai haɗe da sinadarin wiwi da wani mai da aka gauraya. Wannan darasi ne gare mu da muke sayen abu a tasha ko a hannun aboki, ba mu san wanda ya haɗa shi ba. A tuna kuma shekararta 20 da 'yan kai ne kawai a duniya, alhali ita sigari sai da aka yi shekaru masu yawa ana sha kafin a tabbatar da ɓarnarta.

Azumin 2025, wanda ya faɗo a watan Maris, shi ya taimake ni na ga cewa zan iya. Malamanmu sun ce zuƙar ta tana karya azumi kamar yadda taba ke karyawa, don haka daga asuba har magariba ba ni ba ita. Ranar farko da aka sha ruwa na ruga ɗaki na yi ta ja a kan cikin da ba komai, jirin nan ya dawo sabo. Daga ranar na ce sai bayan tarawihi. Bayan Sallah na ci gaba da ragewa, sannu ba ta hana zuwa, har a watan Agusta na 2025 na cire ta daga akwati na rabu da ita. Ba zan yi muku ƙarya ba, makon farko na sha wuya, kuma sau ɗaya na zame a wajen bikin wani aboki. Har yanzu idan dare ya yi a wajen lodi aka kunna kara kusa da ni, raina yana biyawa. Sai in matsa gefe in kurɓi ruwa, cikin 'yan mintoci abin ya wuce.

To 'yan uwa, ga abin da zan ce. Wanda bai taɓa shan taba ba, don Allah kada ya kusanci wannan aba, ba abin da za ta ba shi sai ƙangin da bai da shi a da. Wanda kuma yake shan kara ya yanke shawarar bi ta wannan hanya, to ya bar karan gaba ɗaya, ya karanta lambar da ke jikin abar, ya yanka wa kansa lokutan sha, ya rage goro da kofi, ya yawaita shan ruwa, kuma tun ranar farko ya sa ranar da zai rabu da ita. Kada tarin makon farko ya mayar da shi gaban mai tebur kamar yadda ya mayar da ni. Amma idan tari ya kai mako biyu, ko aka ga jini a kaki, ko ciwon ƙirji, ko numfashi yana sarƙewa, ko zazzaɓi da rama, asibiti za a nufa, ba kemis ba. A ɓoye ta daga yara, domin ruwan cikinta guba ne idan ƙaramin yaro ya sha, kada kuma a bar ta a caji a kwanta barci. Sannan a kiyaye abin da ake faɗa a gaban ƙanne, suna ji.

Baba bai sake tayar mini da maganar ba tun ranar daushen nan. Sai dai kwanakin baya muna zaune a rumfa bayan azahar, ya ɓare wani farin goro ya miƙo mini rabi, abin da bai saba yi ba. Na karɓa da hannu biyu, na gutsuri kaɗan na sa sauran a aljihu. Ya dube ni ya ce, "Tarin nan dai ya tafi." Na ce, "Ya tafi, Baba." Ya ce, "To madalla," muka ci gaba da ƙirga.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya shirya mana zuri'a, Ya yaye wa duk wanda ke cikin wannan hali. Sai wani jiƙon in Allah Ya kai mu.

Naku,
Ɗan mai goro, Sabo, Shagamu.